Hancin Alhaji Maiturare

A layin masu kayan ƙamshi na kasuwar Utako, da wuya ka samu wanda ya san sunan yankan Alhaji Maiturare. Maude aka raɗa masa a Kano. Amma tun shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta sauka Abuja, shi kuma ya biyo ma'aikata da ɗan akwatin kwalabe a hammata yana bin ofisoshi, sunan sana'a ya cinye na yanka. Daga akwati ya koma tebur, daga tebur ya samu shago, kuma duk hanci ne ya kawo shi. Mace za ta shigo ta miƙa masa gefen mayafinta, ya sunsuna, ya ce mata almiskin ya yi yawa, wanda ya haɗa mata kuma ya yi ƙwauron sandal. Bai taɓa rubuta haɗin kowa ba. A hancinsa yake ajiye su.

Matarsa Zulai ce ke haɗa turaren wutar da ake sayarwa a shagon. A filin da ke bayan gidansu na Kubwa take soya itacen hawi da sukari da madarar turare, ta ɗura a kwalabe, ranar Asabar ta shiga mota ta kai masa Utako. Ta san darajar mijinta fiye da kowa, ta kuma san abin da 'yan kasuwa ba su sani ba: mutumin nan ba barci yake yi ba, kokawa yake yi. Minsharinsa zai yi ta hawa har tagar ɗaki ta amsa, sai kuma ya ɗauke ɗif. Ƙirji na motsi, iska ba ta wucewa, har sai ta zungure shi ya zabura yana haki. Ta yi shekaru tana zungurin nan. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana gyangyaɗi ya kama shi a shago, har ya taɓa yin barci da buɗaɗɗiyar kwalba a hannu, mai saye na tsaye tana jiran ya auna mata.

Da hawan jininsa ya ƙi jin magani, 'yarsu Khaula ta matsa aka je asibiti. Aka kwantar da shi da wayoyi a jiki aka auna barcinsa. Likita ya yi musu bayani a natse: maƙogwaron Alhaji rufewa yake idan barci ya yi nauyi, kuma zuciyarsa ce ke shan wahalar. Ya ce akwai na'urar da ke tura iska a hankali ta riƙe hanyar a buɗe. Si-pap likita ya kira ta, amma a gidan ba wanda ya riƙe sunan. Inji kawai ake cewa. Ɗan akwati ne da bai kai rediyo girma ba, da tankin ruwa a gefe, da tiyo, da takunkumin roba mai rufe hanci da baki.

Minshari ya ɗauke tun a kwanakin farko. Zulai ta yi barcin da ta manta irinsa, har ta makara sallar Asuba ta tashi tana istigfari. Ciwon kan safe ya tafi. Alhaji ya daina gyangyaɗi a shago.

Amma injin ya zo da nasa hali. Gemun Alhaji cikakke ne, fari tas, robar kuma ba ta kama fata ta kan gashi. Iska ta riƙa sulalewa ta gefe tana hura masa ido, ya wayi gari idanu jajur kamar wanda ya yanka albasa. Sai ya ja maɗaurin ya ɗaure tam. Iskar ta ragu, karan hancinsa kuma ya saɓule, shatin takunkumin ya zauna masa a kumatu har azahar.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Ɗangoggo mai sayar da kasko da gawayi, bai bar wannan ta wuce ba.

“Barka da sauka, direban jirgi. Yau daga Jidda ko daga Dubai?”

“Daga Kubwa,” in ji Alhaji yana buɗe ƙofar shago. “Kuma ban ga gidanka daga sama ba, hayaƙin gawayi ya rufe shi.”

Wannan duk Alhaji ya shanye. Abin da bai iya shanyewa ba shi ne hancin. Da farko bushewa ya yi, har yana tsagewa daga ciki. Daga nan ya toshe, atishawa ta biyo baya, ruwa na zuba ba mura ba. Wata Asabar Zulai ta kawo sabon haɗi, ta buɗe masa kwalba kamar yadda ta saba don ya yanke hukunci. Ya kai hanci, ya daɗe, ya mayar da murfin.

“Ya yi,” ya ce.

Zulai ta bi shi da kallo. Tun da take kawo masa turare bai taɓa cewa ya yi ya tsaya nan ba. Kullum sai ya ce sukari ya so ya ƙone, ko kajijin na bana bai kai na bara ba.

Tana nan zaune a kan benci Hajiya Ikilima ta shigo. Tsohuwar ma'aikaciya ce da ta taso daga Legas tare da ma'aikatarsu, tun Alhaji na yawo da akwati take sayen turare a wurinsa. Akwai haɗin da ya yi mata tun a lokacin, wanda ba ta sa wani sai shi. Ta ajiye kwalbarta a kan kanta, babu komai a ciki sai ɗan danshi a gindi.

“Alhaji, a cika mini. Wannan karon da yawa nake so, ƙarshen wata zan koma Zariya gaba ɗaya. Abuja ta ishe ni haka.”

Zulai ta ga hannunsa ya nufi kwalaben da ke jere, ya san waɗanda ake ɗauka, hannun ya san kimanin awon. Da ya haɗa a haka, mai yiwuwa Hajiya ba za ta gane ba sai ta isa Zariya. Sai ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

“Hajiya, yau ba zan haɗa ba. Hancina ba ya aiki.”

“Kai da ka shekara nawa kana haɗa shi? Ai ko idonka a rufe.”

“Ido a rufe zan iya. Hanci a rufe ne ba zan iya ba. Sandal ɗin da ke zuwa yanzu ba irin na da ba ne, kowace kwalba da ƙarfinta. In ban ji ba, zato zan sayar miki. Ki ba ni zuwa kafin ki tashi.”

Hajiya ta bar kwalbar ta tafi tana yi masa addu'ar sauƙi. Zulai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin jakarta, don kada Ɗangoggo da ke leƙowa ya ga fuskarta. Ta sha ganin mijinta ya burge mutane da abin da hancinsa ya ji. Yau da hancin ya ƙi, sai ya fi burge ta.

A motar komawa Kubwa, suna maƙale a cunkoson hanya, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

“In wata ya ƙare hancin nan bai dawo ba, injin zai koma jakarsa.”

“Alhaji, likita fa ya ce zuciyarka.”

“Na ji abin da ya ce. Ni kuma da me zan zauna a shago? In zama mai gadin kwalabe?”

Ta san shi, ba ya faɗin abu don a lallashe shi. Ta tuna shirun nan da ke biyo bayan minshari, da hannunta a miƙe tana jiran ƙirjin ya saki.

Tun zuwan injin Alhaji bai yarda kowa ya taɓa shi ba, shi ke zuba ruwan tankin da kansa. Washegari da hantsi, bayan ya fita ɗaurin auren ɗan wani abokinsa, Zulai ta ce bari dai ta wanke kayan ko datti ne. Tana zare tankin ta ga wani maiƙo yana yawo a saman ruwan. Ta kai hanci. Ko ita da ba Maiturare ba ta gane shi: madarar ud ce, mai tsadar nan da yake ɓoyewa a aljihun jallabiya. Ta sunsuna tiyon, shi ma ya sha har ya ƙoshi.

Ta bar tankin a kan tabarma inda zai gani. Da ya dawo ya cire hula, idonsa ya sauka a kai.

“Alhaji, miya kake yi a ciki?”

“Ɗigo ne kawai.”

“Kullum?”

“Zulai, warin roba yake yi. Hancin da ya tsufa cikin almiski ki ce ya kwana yana shaƙar warin silifa? Ai gyara na yi masa.”

“To ga gyara nan mun gani.”

Ya buɗe baki zai yi musu, atishawa ta riga shi.

Khaula ta kira asibitin aka ba su rana. Wanda ke kula da masu injin wani ma'aikacin jinya ne, Zacharias, mutum mai fara'a da Hausarsa ta Abuja wadda ba ta raba mace da namiji. Zulai ta jera masa kayan a tebur, ta kuma ba da labarin madarar ud ba tare da ta rage komai ba. Alhaji na gefe yana kallon silin.

Zacharias ya sunsuna tiyon ya yi dariya. “Oga, wannan inji ya fi ni ƙamshi. Amma ba ya shan turare. Mai ne, iska yana ɗauka yana kai maka cikin hanci har safe. Hanci zai kumbura. Kuma in ka kwana cikin ƙamshi ɗaya, da safe yaya za ka ji wani?”

“Na faɗa masa,” in ji Zulai, duk da ba haka ta faɗa ba.

Zacharias ya juya injin, ya buɗe wata 'yar ƙofa a bayansa da ita ba ta ma san da ita ba, ya zaro ɗan soso mai faɗin yatsa biyu. Ya ɗaga shi sama. Launin ƙasa ne, ya yi danƙo.

“Wannan filta ne, ta nan iska yake shiga. Fari ne lokacin da mun ba ku. Wa yake sa hayaƙi a ɗakin?”

Alhaji ya sauko da idonsa daga silin, a hankali, ya ɗora a kan matarsa.

Tun tana amarya Zulai ba ta taɓa barin magariba ta wuce ba ta zuba garwashi a kasko ta turara ɗakin mijinta ba. Ta rufe ƙofa da taga, hayaƙin ya kama labule da zanin gado da matashin kai. Haka ta ga mahaifiyarta na yi. Da injin ya zo ma ƙarawa ta yi, ita ma warin robar ya dame ta, har takan ajiye kaskon a ƙasan durowar da injin ke kai don ƙamshin ya kama shi sosai.

“Mama, kai ne?” in ji Zacharias.

“Turaren wuta ne kawai,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Ɗigo ne kawai,” in ji Alhaji, yana gyara zaman hularsa.

Zacharias bai bar su sun tafi da kunya kaɗai ba. Ya kai Alhaji wurin likita aka haska cikin hancin, aka ce kumburi ne da bushewa, ana sa ran zai sauka, in kuma bai sauka ba akwai likitan hanci da za a tura shi. Aka rubuta masa maganin feshi da ruwan gishiri na wanke hanci. Tiyo da tanki sai sababbi, don mai ya riga ya kama su. Zacharias ya ƙara ɗumin tankin yadda iskar za ta zo da danshi, ya ce ruwan da za a zuba tatacce ne na kyamis, ba na rijiyar burtsatse ba, kuma kada a haɗa shi da komai.

Da aka zo kan gemu, Alhaji ya riga shi. “Wannan ba ya cikin magana.”

“Ban ce ka aske ba, Oga.” Ya ɗauko wani ƙaramin takunkumi mai 'yan kawuna biyu masu laushi da ke zama a ƙofar hanci, ba ruwansa da gemu, ba ya kuma taɓa inda ya saɓule. Ya haɗa masa da wani maɗauri mai tallafe haɓa don kada baki ya buɗe iska ta tsere ta bar maƙogwaro a bushe. “Kada ka ja shi kamar kana ɗaure kaya a kan mota. In yatsa ya shiga ƙarƙashi, ya yi. Da rana ka sa shi kana jin rediyo, hanci ya saba.”

A ranar Zulai ta kwashe labulen ɗakin da zannuwan gado ta jiƙa. Ta wanke, ta shanya, ta sunsuna, ta sake wankewa. Ƙamshin shekaru ba ya fita da wanki ɗaya. Ta fitar da katifa rana, ta goge bango da tsumma, ta bar tagogi a buɗe. Da magariba ta yi, ta samu kanta tsaye a ƙofar ɗakin da kasko a hannu, garwashi na ci, ƙafarta ce ta kawo ta. Ta juya ta kai shi falo.

Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Wata maƙwabciya ta shigo karɓar aron turmi, ta bi ta ƙofar ɗakin, ta ja hanci.

“Maman Khaula, lafiya? Ɗakin Maiturare guda ba ƙamshi? Ko an yi faɗa ne?”

“Lafiya lau. Magani ne.”

“Wane irin magani ne ke hana turare?”

“Irin namu,” in ji Zulai, ta miƙa mata turmin.

Alhaji kuwa ya riƙe nasa ɓangaren yadda yake riƙe awo. Bayan la'asar zai zauna a falo da 'yan kawunan a hanci, tiyo na lilo a ƙirjinsa, yana sauraron labarai, Khaula na dariya a ɓoye tana cewa Abba ya zama giwa. Ya wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, yana ɓata fuska. Da cikinsa ya riƙa cika da iska yana tashi da kumburi, bai ɓoye ba, ya sa Khaula ta kira Zacharias, aka ce ya ƙara matashi ya ɗaga kai, aka kuma saita injin ya riƙa farawa a hankali. Saɓulewar karan hanci ta warke. Idanu suka washe. Toshewar ta fara saki, iska na wucewa.

Ƙamshi ne dai shiru. Kowace safiya Zulai na lura da shi ta wutsiyar ido: zai ɗauki kofin shayi ya kai hanci kafin baki, ya ɗan tsaya, ya sha bai ce komai ba. A shago yana sayar da abin da ke rufe a kwali, masu son haɗi yana ba su haƙuri. Wata na ta raguwa. Jakar injin na saman kabad, ta ga ya sauko da ita ya kakkaɓe ƙura ya mayar. Ba ta tambaye shi ba.

Ana saura 'yan kwanaki Hajiya Ikilima ta tashi, Zulai na gaban murhu a filin baya da sassafe tana suyar hawi. Hankalinta ba ya kan tukunyar. Tana juyawa tana tunanin abin da za ta ce masa in ya zuge jakar nan, ko ta kira yayansa na Kano, ko ta yi kuka kawai. Sai ta ji muryarsa daga cikin gida, ta tagar falo.

“Zulai, sauke. Sukarin ya kama.”

Ta duba. Gefen tukunyar ya fara baƙi. Ta sauke da sauri, ta tsaya da muciya a hannu. Tsakaninta da falon akwai tsakar gida da igiyar shanya.

Ya fito da carbi a hannu, ya tsugunna a gaban tukunyar, ya kaɗo tururin da tafin hannu zuwa fuskarsa. Ya lumshe ido.

“Kuma wannan ba kajijin da na kawo ba ne.”

“Naka ya ƙare. A kasuwar Kubwa na saya.”

“An cuce ki. Ya sha ruwa kafin ya bushe.”

Zulai ta juya masa baya tana neman muciyar da ke hannunta. “Sai ka yi ta faɗa,” ta ce. “Mutum ya huta kwana biyu.”

Ranar Asabar tana kan bencinta Hajiya Ikilima ta zo. Alhaji ya sunsuna tsohuwar kwalbar, ya jawo kwalabe ya jera. Ya ɗiga, ya girgiza, ya shafa a bayan hannu ya jira ya sha iska. Bai gamsu ba. Ya fita ƙofar shago ya shaƙi iskar waje, ya dawo ya ajiye sandal ɗin da ya fara ɗauka ya ɗauko wani daga can ƙasan kanta. Hancin bai gama dawowa duka ba, shi ya faɗa da bakinsa, don haka aikin da yake yi a tsaye yau sai da ya zauna. Hajiya ba ta ƙosa ba. Da ya miƙa mata, ta shafa a wuyan hannu ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

“Shi ne,” ta ce. “Har na ga ofishinmu na farko, ba ko labule.”

Ɗangoggo ya leƙo da kai. “Direba, an dawo ƙasa ke nan? To a sayar mini da jirgin, ni ma uwargida ta ce ina damun unguwa.”

“Jirgi na nan a hannun mai shi,” in ji Alhaji yana toshe kwalbar. “Kai dai je asibiti a auna ka. In an ba ka naka, ka raba shi da gawayinka.”

Da suka koma gida rana ta yi sanyi. Alhaji ya cire rigar kasuwa ya rataye a falo, saboda ta riga ta sha turare. Ya tsugunna a bakin famfo ya wanke hannu da sabulun wanki, ya sunsuna yatsunsa, ya sake wankewa har sai da bai ji komai ba. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko tankin da 'yan kawunan, ya ɗauraye su, ya kife a kan tsumma mai tsabta a bakin taga. Zulai na kallonsa daga ƙofar kicin, mutumin da duk abin da ya taɓa sai ya yi kwana yana ƙamshi.

Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren, ta wuce ƙofar ɗakin ba ta tsaya ba. A falo ta ajiye, kusa da kujerarsa. Ya zo ya zauna, ya kaɗo hayaƙin da hannu.

“Wannan na rannan ne,” ya ce. “Wanda ya kama.”

“Shi ne. Ba zan kai shago ba, kai za ka shanye abinka.”

Ya gyara zama ya miƙe ƙafa. Jakar injin kuwa, Khaula ta samu wurin ajiye caja da tarkacen wayoyi.